Agogon Tirayatalon: Tsakanin Awo Da Kirdado

A ranar 18 ga Fabrairun 1978, mutum 15 suka tsunduma cikin teku a tsibirin Owahu na jihar Hawayi ta Amurka. Suka yi ninƙayar kilomita 3.8, suka fito suka tuƙa keke kilomita 180, sannan suka rufe da gudun kilomita 42.2. Mutum 12 ne suka kai ƙarshe, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin sa'a 11 da minti 46. Wannan ce gasar Ironman ta farko, ƙasa da shekara huɗu bayan da aka haɗa ninƙaya da keke da gudu cikin tsere guda a San Diyego a 1974, wasan da ake kira tirayatalon. A lokacin ba a ƙera agogon da zai gaya wa mutum nisan da ya yi ko bugun zuciyarsa yana tsakiyar tsere ba. Yau kuwa da wuya ka ga ɗan wasa a layin farawa ba agogon GPS a hannunsa, farashi ya kama daga dala 200 da 'yan kai har ya haura dala 1,000, Garmin da Polar da Suunto da Coros da Apple kowa na wasa nasa. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne lambobin da agogo ke nunawa iri biyu ne. Akwai waɗanda ya auna: lokaci, nisa, bugun zuciya, ƙarfin taka feda. Akwai kuma waɗanda ya kirdada daga waɗancan: kalori nawa ka ƙone, sa'a nawa za ka huta, ko jikinka ya shirya wa atisayen yau. Na farkon su ne bukatar ɗan tirayatalon, kuma kuɗinsa ya kamata su tafi wajen inganta su a inda wasan ke wahalar da na'ura. Masu talla kuwa sun fi ba na biyun ƙarfi.

A fara da ruwa, domin a nan kowane agogo ke gamuwa da gamonsa. Taurarin ɗan'adam na GPS suna kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, kowanne yana aiko da saƙon rediyo mai ɗauke da lokacin da ya tura shi. Agogo yana kama saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu, ya lissafa jinkirin isowar kowanne, ya gane inda yake. Saƙon da ya yi irin wannan tafiya a raunane yake isowa, ruwa kuma haɗiye shi yake yi. A duba hannun mai ninƙaya a tafki. Hannun ya fito daga ruwa ta gefen cinya, ya kewayo ta sama ruwa na zuba daga jikin agogon, ya sake nutsewa gaban kai, duk cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. A wannan ɗan tsakanin ne agogon zai farka, ya nemi taurari, ya ajiye alamar inda yake zato yana nan, sau da yawa da kuskuren mitoci masu yawa, sannan ya koma cikin duhu. Layin da ɗan wasa ke gani a taswira bayan ya fito aikin manhaja ne, ita ce ta haɗa waɗannan tarwatsattsun alamomi ta daidaita su. Shi ya sa mutum biyu za su yi ninƙaya kafaɗa da kafaɗa, agogunansu su ba da nisa mabambanta. Wanda yake iyo da salon da hannu ba ya fita daga ruwa, nasa ya fi muni. Tsofaffin 'yan wasa sun daɗe da sanin magani a ranar atisaye: su cusa agogon ƙarƙashin hular ninƙaya ta wajen ƙeya, ko cikin balan-balan ɗin tsaro da suke ja a baya, inda zai zauna a saman ruwa.

Darasin da mai saye zai ɗauka a nan shi ne lallai agogon ya kasance yana da tsarin ninƙayar buɗaɗɗen ruwa, domin agogunan gudu da yawa ba su da shi, amma kada ya ƙara dala ɗari uku da tunanin zai sayi daidaito a cikin teku. A cikin kwamin ninƙaya ma ba GPS ke aiki ba. Na'urar jin motsi ce ke gane lokacin da mutum ya tokari bango ya juyo, ta ninka da tsawon kwamin da aka gaya mata, mita 25 ko 50. In mutum ya tsaya a tsakiya ya gyara tabarau, tana iya ƙara masa zagaye. In yana riƙe da allo yana aiki da ƙafa kawai, a yawancin agoguna ba za ta ƙirga komai ba sai ya shigar da hannu. Agogon dala 230 da na dala 900 duk haka suke. Abin dubawa shi ne rubutun bayan agogo: 5 ATM na nufin ya jure matsin ruwa kwatankwacin zurfin mita 50, kuma shi ne mafi ƙarancin abin da ya dace da ninƙaya. Alamar IP67 da ake gani a arhan agoguna ta feshin ruwa ce da ɗan gajeren nutso.

Sai wurin sauya zango, inda tirayatalon ya bambanta da kowane tsere. Ɗan wasa ya fito daga ruwa kansa na juyawa, yana gudu ba takalmi a kan tabarma, yatsunsa sun yi yaushi don sanyi, yana kokawa da zip ɗin rigar roba, hannun rigar kuma ya maƙale a kan agogo. Idonsa na neman kekensa cikin ɗaruruwan kekuna, a ransa yana tuna cewa dole ya ɗaure hular kwano kafin ya taɓa keken, in ba haka ba alƙalai su hukunta shi. A cikin wannan hali abin da zai iya yi wa agogo bai wuce danna madanni ɗaya ba tare da ya kalla ba. Wannan shi ne amfanin tsarin wasanni a jere: danna ɗaya ya rufe ninƙaya ya buɗe lokacin sauyi, danna na gaba ya buɗe keke, haka har ƙarshe. Garmin ta kawo shi cikin agogon da ke jure ninƙaya tun 2009 da Forerunner 310XT, Apple kuma ta sa nata mai gane sauyin da kansa a 2022. Agogon da ba shi da wannan tsari ya fita daga lissafi komai kyansa. Haka ma wanda ya dogara kacokan da shafa fuska, domin jiƙaƙƙen gilashi ba ya bambance yatsa da ɗigon ruwa. Madannai na zahiri ake so, masu ɗan tauri, da hanyar kulle su. Kada kuma a manta, lokacin da hukumar gasa ke aiki da shi daga 'yar na'urar da ake ɗaura wa idon sawu yake fitowa. Agogon hannu na ɗan wasa ne shi kaɗai, don ya san yadda zai raba ƙarfinsa.

Batun batir yana da wani abu da mutane ba sa lura da shi: wanda ya fi jinkiri shi ya fi bukatarsa. Zakarun maza suna gama Ironman ƙasa da sa'a takwas, amma bisa al'ada ana ba sauran jama'a har sa'a 17. Sabon shiga, wanda ya fi kowa bukatar agogo ya riƙa tsawata masa a gudun ƙarshe, shi ne wanda agogonsa zai fi yiwuwa ya mutu a lokacin. Lambar da ke jikin kwali kuma ta yanayi mafi sauƙi ce. Forerunner 955 da Garmin ta fitar a 2022 an rubuta masa sa'a 42 in GPS kaɗai yake bi, amma in aka kunna duk tsarin taurari da zango biyu na sigina sai ta sauko zuwa 20, in aka ƙara kiɗa ta faɗi ƙasa da goma. Batirin litiyam yana tsufa, zafi yana gaggauta tsufansa, kuma a rufe yake cikin agogon, ba a cire shi kamar na rediyo. Mai saye a Kano ko Yamai ko Kumasi, wanda tsadar dala kan tura ga na hannu, wannan ya fi shafa. Ya cika shi da caji, ya kunna GPS na sa'a guda, ya ga kashi nawa ya sauka, ya lissafa kafin ya biya. Wanda gasarsa ta nisan Olimfik ce, wato ninƙayar kilomita 1.5, keke 40, gudu 10 kamar yadda aka yi a gasar Olimfik ta Sidni a 2000, sa'a uku zuwa huɗu sun ishe shi, kusan kowane agogo zai kai shi. Fuskar agogo ma da batir take tafiya. Irin ta AMOLED mai haskenta na kanta ta fi kyau a ido, amma tana shan caji kuma dole ta ƙara haske don ta yi gogayya da rana. Irin ta MIP da hasken rana take amfani, ko da yaushe a kunne take, kuma tsakar rana ta fi fitowa.

Bugun zuciya ne awon da ya fi cancantar a dakata a kansa. Kamfanin Polar na Finland ne ya fitar da na'urar auna shi marar waya ta farko a 1982, kuma 'yan tirayatalon na cikin waɗanda suka fara rungumar ta. Mark Allen ya sha ba da labarin yadda Phil Maffetone ya ɗaura masa ita ya hana shi wuce bugu 155 a minti, sai ya tarar dole ya rage gudu ƙwarai fiye da yadda ya saba. Ya jure wannan horo, daga baya ya lashe gasar Ironman ta duniya da ake yi a Kona sau shida tsakanin 1989 da 1995. Abin da ya yi aiki da shi maɗaurin ƙirji ne, mai jin wutar lantarkin da zuciya ke fitarwa a kowane bugu. Agogunan yau wata hanya suke bi: suna haska koren haske cikin fata, jini ya sha wani sashe nasa, su ƙirga sauyin abin da ya dawo. Dabara ce mai kyau ga mutumin da ke zaune ko barci. A tirayatalon kuwa duk abin da ke ruɗa ta yana nan. Ruwa na shiga tsakanin gilashi da fata. Sanyi na tsuke jijiyoyin hannu. A kan keke wuyan hannu a lanƙwashe yake, titi na girgiza shi. A gudu kuma agogo kan ɗauki takun ƙafa a matsayin bugun zuciya, ya kafe a kan 170 da wani abu alhali zuciyar ba ta kai nan ba.

Akwai kuma tambayar da ta shafi mai baƙar fata kai tsaye, tunda sinadarin da ke ba fata duhu yana shan koren haske. Binciken jami'ar Stanford na 2017, wanda ya gwada na'urori bakwai a hannun mutum 60, ya tarar kuskure ya fi yawa ga masu duhun fata. Na jami'ar Duke a 2020, da mutum 53, bai ga bambancin a zo a gani tsakanin launukan fata ba, amma ya ga kuskure yana ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin ɗari in ana motsa jiki idan aka kwatanta da lokacin hutu. Ko wanne mutum ya gaskata, maganin ɗaya ne. Maɗaurin ƙirji babu ruwansa da launin fata, kuma ana samun nagari a kan dala 100 ko ƙasa. Iyakarsa ita ce galibi saƙonsa ba ya ratsa ruwa ya isa ga agogo, don haka mai son awon ninƙaya sai ya nemi wanda ke ajiye bayanan a cikinsa ya miƙa bayan an fito. A ganina matsakaicin agogo tare da maɗauri ya fi mafi tsadar agogo shi kaɗai, kuma har yanzu da canji a aljihu.

Keke ne zango mafi tsawo, yakan cinye kusan rabin lokacin gasa, kuma a nan saurin da GPS ke nunawa yaudara ce. Kilomita 30 a sa'a da iska a baya hutu ne, da iska a gaba kamar wadda ke kaɗawa a hanyar Hawi a gasar Kona kashe kai ne. Shi ya sa masu hali suke sa na'urar auna ƙarfin taka feda, wadda ke ba da lamba da wat, babu ruwanta da iska ko tudu. Ko mutum bai saye ta yau ba, ya tabbata agogonsa zai iya magana da ita gobe. Hanyoyin haɗin biyu ne, ANT+ da Bluetooth. Agogunan Garmin suna jin duka biyun, da yawa daga sababbin na sauran kamfanoni Bluetooth kaɗai suke ji, Apple kuwa sai a 2023 ta fara karɓar irin wannan na'ura. Wanda ya sayi tsohuwar na'ura mai ANT+ kaɗai ya haɗa ta da agogon da ba ya jin ta, ya yi asarar ɗaya daga ciki.

Yanzu sai a koma ga lambobin kirdado. Wancan bincike na Stanford ya tarar shida daga cikin na'urori bakwai sun auna bugun zuciya da kuskuren da bai kai kashi biyar cikin ɗari ba, amma a lissafin kalori wadda ta fi kyau ta kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. Na'urorin wancan lokacin ne, an ci gaba tun daga nan, sai dai tushen matsalar bai sauya ba. Agogo ba ya auna numfashi, ba ya auna jini. Yana ɗaukar bugun zuciya da sauri da shekaru da nauyi, ya zuba su cikin lissafin da aka gina a kan matsakaicin mutane. Garmin ta ɗauki wannan fanni da muhimmanci har ta sayi sashen lissafin kamfanin Firstbeat na Finland a 2020. Amma in bugun da aka shigar kuskure ne, duk abin da aka ɗora a kansa ya karkace. In agogon ya ƙaddara iyakar bugun zuciyarka ta hanyar cire shekarunka daga 220, alhali naka ya bambanta da hakan da bugu goma ko fiye, kamar yadda yake ga mutane da yawa, to matakan atisayen da ya yanka maka duk ba naka ba ne. Zai ga bugunka ya hau, amma bai san ko zafin Afirilu ne, ko azumi, ko zazzaɓi ke tafe ba.

Wani zai ce ai zakarun zamani da lambobi suke cin gasa, ya kawo misalin 'yan Norwe. Gaskiya ne Kristian Blummenfelt ya ci zinaren Olimfik a Tokiyo a 2021 ya kuma zama zakaran duniya na Ironman a Mayun 2022, abokinsa Gustav Iden ya lashe Kona a Oktoban wannan shekarar cikin sa'a 7 da minti 40, kuma kocinsu na lokacin Olav Aleksander Bu ya yi suna wajen tara bayanai. Amma a duba irin bayanan. Ana tsaga kunne ko yatsa a ɗibi ɗigon jini a tsakiyar atisaye a auna sinadarin laktet. Ana sa musu abin rufe fuska a auna iskar da suke shaƙa da wadda suke fitarwa. Duk awo ne na kai tsaye, ga kuma mutum a gefe da ya san jikinsu yana fassara shi. Misalinsu hujja ce a kan muhimmancin ingancin awo, ba ya nuna cewa maki ɗaya da agogo ke bayarwa da safe ya isa ya yanke wa mutum shawarar fita ko kwanciya.

Wani kuma zai ce araha ba ta ado, gara a sayi babba sau ɗaya a huta. Da can wannan magana tana da ƙarfi, lokacin da tsarin tirayatalon da ingantaccen GPS sai a manyan agoguna. Abin ya sauya. Forerunner 255 ya fito a 2022 a kan dala 350 da tsarin wasanni a jere da zango biyu na sigina, Coros Pace 3 ya biyo baya a 2023 da duka biyun a kan dala 229. Shi kansa zango biyun amfaninsa ya fi fitowa tsakanin dogayen gine-gine da kwazazzabai, inda saƙo ke karo da bango ya dawo. A buɗaɗɗen titin gasa ana iya kashe shi a tattala batir. Ƙarin kuɗin babban agogo yana tafiya ne ga taswira, jikin titaniyam, gilashin da ba ya karcewa, cajin rana, fitila, amsa waya. Hanyar gasa kuwa a shate take, ga alamomi ga masu nuni a kowace kwana. Nauyi ma abin lura ne: Pace 3 da igiyar nailan gram 30 ne, manyan na ƙarfe sukan ninka haka sau biyu ko uku, kuma agogo mai nauyi ya fi rawa a hannu, rawar kuma na ɓata awon bugun zuciya. Na yarda cewa mai hawan duwatsu ko mai doguwar tafiyar keke a ƙasar da bai sani ba zai ci moriyar taswira da ƙaton batir. Wannan bukata ce ta gaske, sai dai ta wani wasan ce.

Akwai abu ɗaya da ba ya jikin agogon amma tare ake sayensa, wato rumbun da bayanai ke tafiya. A Yulin 2020 masu kutse suka durƙusar da Garmin Connect na kwanaki, agoguna suna ta awo amma ba inda za su aika. A Janairun 2018 kuma aka gano taswirar manhajar Strava ta tona wuraren sansanonin soja, har da wasu a yankin Sahel, saboda sojoji suna gudu da na'urorinsu a kunne. Mai saye ya tabbata zai iya fitar da fayilolinsa ya ajiye da kansa, ya kuma ɓoye inda gudunsa ke farawa in daga ƙofar gida yake tashi.

Saura masu cewa agogon ma ba dole ba ne. Suna da hujja, domin Chrissie Wellington ta Ingila ta lashe Kona sau huɗu tsakanin 2007 da 2011, kuma an san ta da dogaro da abin da jikinta ke gaya mata. Wanda zai shiga gajeriyar gasa karon farko, ninƙayar mita 750, keke kilomita 20, gudu biyar, ba zan ba shi shawarar agogo kafin malamin ninƙaya ba, domin mintoci da yawa ne ke ɓoye a gyaran bugun hannu da numfashi waɗanda babu na'urar da za ta ba shi. Amma jin jiki irin na Wellington shekaru ake yi ana gina shi, kuma akwai wurin da jiki ke yi wa kusan kowa ƙarya. Shi ne kilomita biyu na farko bayan sauka daga keke. Ƙafafu sun saba juya feda da sauri, ido ya saba ganin titi na wucewa a guje, sai mutum ya ji kamar rarrafe yake yi alhali ya zarce saurin da ya tsara da nisa, ga 'yan kallo na tafi a bakin hanya suna ƙara zuga shi. Sai ya yi nisa, rana ta take, ruwan jiki ya ragu, bugun zuciya ya riƙa hawa ko da sauri bai ƙaru ba, sannan zai biya bashin. Lambobi biyu ne ke hana wannan, saurin kilomita da bugun zuciya daga maɗauri, a rubuce manya a fuskar da ake iya karantawa cikin rana da kallo ɗaya. Ya kamata a saita wannan fuska makonni kafin gasa, a gwada ta a atisayen da ake sauka daga keke a kama gudu nan take, tare da danna madannin sauyi da jiƙaƙƙen hannu har yatsa ya san wurinsa.